Lawashi a girkin ƙasashen waje: yaushe ake zuba shi a tukunya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Daura. Ina yawan ganin girkin China da Koriya ana barbaɗa ganyen albasa, abinci ya fito kore shar. Na sayi lawashi na zuba a soyayyiyar shinkafa, sai ya dafe, ya yi yauƙi, ga ɗaci-ɗaci. Nasu ne daban da namu, ko hannuna ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Akwai bambancin iri, amma abin da ya ɓata miki shinkafa lokacin zubawa ne.

Irin da aka fi nomawa a China da Japan da Koriya ba ya yin kai, don ganyen da farin gindin ake shuka shi. Namu kuwa ganyen albasa mai kai ne, wanda masu lambu ke kawowa kasuwa da rani. Da zarar albasar ta fara kai, ganyen kan yi kauri, cikinsa ya tara yauƙi, yajinsa ya ƙaru. Saboda haka ki zaɓi siriri, wanda gindinsa bai fi kaurin ɗan yatsa ba, bakin ganyen bai yi rawaya ba. Mai kaurin a bar shi a daka gabu. Gabu kuma wurinsa miyar kuka da ta kuɓewa, ba zai yi aikin ɗanye a nan ba.

Ki ɗauki lawashi a matsayin kayan girki biyu. Farin gindin yana jure wuta: shi ake fara sawa a mai tare da citta da tafarnuwa, wuta matsakaiciya, minti 1 zuwa 2. Koren ganyen ba ya jurewa. A mai mai zafi yana ƙonewa nan take, daga nan ɗacin yake. Idan kuma ya daɗe a rufaffiyar tukunya, ko ya zauna cikin tumatir ko lemon tsami, korensa ya tafi. Yauƙin yana ƙaruwa idan wuƙa ta dakushe tana murje ganyen maimakon yanka shi, ko an yanka shi da lemar wanki. Ki wanke, ki tsane da tsumma mai tsabta, ki wasa wuƙa. Idan mai kaurin kaɗai kika samu, tsaga shi a tsaye ki ɗauraye cikin.

A shinkafar taki: kofi 3 na dafaffiyar shinkafa da ta huce sarai, lawashi ƙafa 5, wato guda 5. Fari a farko, kore bayan kin kashe wuta, ki juya sau biyu ki juye. Kada ki rufe.

Abin da ya fi cancantar ki fara gwadawa shi ne man lawashi da citta da mutanen kudancin China ke ci da dafaffiyar kaza. Yankakken lawashi ƙanana kofi 1, gurzajjiyar ɗanyar citta babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a kwanon ƙarfe, ba roba ba. Ki ɗora man gyaɗa rabin kofi. Ki jefa yanki ɗaya na ganyen. Idan ya yi cuu nan take, man ya yi. Idan ya fara hayaƙi ya wuce, ki sauke ya ɗan huce. Ki kwarara a kan haɗin, ki juya. Zafin man ya isa ya kashe gafin albasar ba tare da ya ƙona ta ba. Yana shiga da farar shinkafa, da taliya, har da dafaffiyar doya. A firiji yana kwana 3. Inda wuta ba ta tsayawa, a yi na yini ɗaya kawai.

Wainar lawashin Koriya ba ta da wuya. Fulawa kofi 1, ruwan sanyi kofi 1, ƙwai 1, gishiri. A yanka ganyen tsawon yatsa, a jera a kasko mai ɗan mai, a zuba ƙullun sama-sama, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Yawan buga ƙullu shi ke sa ta danƙo, kauri kuma ya bar cikinta ɗanye.

A ƙasar Ayalan ana tafasa lawashi kofi 1 a madara kofi 1 na minti 3, a zuba a dakakken dankalin turawa kilo 1, a yi rami a tsakiya a sa bota. Man shanunmu ya zauna a wannan ramin daram.

Akwai inda ake barin sa ya daɗe a wuta da gangan. A Jamaika ana ɗan buga ƙafa 2 ko 3 da bayan wuƙa, a jefa su ɗungurungum cikin shinkafa da wake da madarar kwakwa, tare da attaruhu guda da ba a fasa ba, a tsame su idan an sauke. Ƙamshi ake nema a nan, ba kala ba. A Meziko kuma mai ɗan kan ake so, irin namu sak: a shafa mai da gishiri, a ɗora a kan garwashi gefen nama har ya yi laushi ya ɗan babbake, a matsa lemon tsami a ci nan take. Ranar da aka yi gashi a gida, ki gwada shi da yajin ƙuli.

Ajiya: kada ki wanke sai za ki yi amfani. Da hunturu iskar nan tamu tana busar da shi cikin yini, don haka ki naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi ki ajiye a inuwa, kusa da randa idan akwai. Gindin da ke da saiwa kuma ki tsoma shi a kofi mai ruwa kaɗan, kina canza ruwan kullum, zai sake toho ki yanka sau ɗaya ko biyu kafin ya sirance.