Jakar zaren da ƙawarki ta ba ki

Ɗiyata,

Saƙonki ya iso ni, na karanta shi har sau biyu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce ƙawarki ta ajiye saƙa saboda ciwon wuyan hannu da ya matsa mata, ta tattara zarenta na shekara da shekaru ta kawo miki cikin jaka, har da kibiyoyi da kwarashi. Kina tambaya yaya masu saƙa suke yi in aka yi musu irin wannan kyauta: a biya ne, a saƙa wa mai kyautar wani abu ne, kuma ko laifi ne ki ba wani abin da bai yi miki ba.

Maganar kuɗi, kada ma ki soma. Mai saƙa ba ta rabuwa da zarenta don ya gundure ta. Kowace ƙwarya, wato dunƙulen zare, a jakar nan akwai ranar da ta tsaya ta zaɓe ta, ta goga ta a kumatu ta ji laushinta, ta ƙudurta abin da za ta yi da ita. Da sayarwa take so da ta yanka masa kuɗi. Ta duba cikin mutanenta ne ta ga ke ce za ki mora. In kika miƙa mata kuɗi kin mai da abin ciniki, kuma za ta ji zafi ko ba ta faɗa ba. Abin da take jira ta gani shi ne zaren nan a kan kibiya.

Don haka ki shirya ki je wurinta da jakar, ku zazzage ta tare. Ki riƙa ɗauka kina tambaya: wannan na mene ne, wancan ulu ne zalla ko gauraye? Za ki ga yadda bakinta zai buɗe. Akwai ilimin da ke kanta wanda ba ya cikin jakar, musamman na zaren da takardarsa ta ɓace. Sannan wanda ciwo ya raba da sana'ar hannunsa yana kewar a tambaye shi, wannan na gan shi da idona.

Abin farko da zai fito daga zaren, nata ne. Haka na tarar masu saƙa suna yi, kuma ina ganin daidai ne. Amma ki yi ƙarami. Tunda wuyan hannu ke damunta, ki saƙa mata safar hannu marar yatsu, wadda ke rufe wuyan hannun ta ɗumama shi. Ƙwarya ɗaya mai giram 50 takan isa. Kada zumuɗi ya sa ki yi mata alkawarin rigar sanyi. Ta babban mutum takan ci zare mita 1,000 ko fiye, ga watanni na aiki, sai alkawarin ya zame miki bashi, ki riƙa jin nauyin haɗuwa da ita. Ba sai kin tambaye ta launi ba. Ki duba wanda ya fi yawa a jakar, shi ne zaɓin ranta.

Inda nake so ki yi taka-tsantsan shi ne aikin da ta fara ba ta ƙarasa ba. Kin ambaci rabin riga da kika tarar a kan kibiya. Kada ki warware ta ba da saninta ba, kada kuma ki ƙarasa ta a ɓoye don ki ba ta mamaki. Ki tambaye ta. Wata za ta ce ki warware, ba ta son ganinta. Wata kuma shiru za ta yi, daga nan ki gane wa aka yi niyyar saƙa wa rigar, wataƙila jariri ne da yanzu ya yi wayo, wataƙila wanda ba ya duniya. In ta ce ki ƙarasa, ki sani hannu ba ya zama ɗaya. Wata tana matse zare, wata tana sassautawa, kuma wurin da kika karɓa zai nuna. Ki fara saƙa ɗan gwaji, santimita 10 tsawo da faɗi, ki ƙirga idon saƙarki ki gwada da nata, ki canja girman kibiya har su zo daidai.

Yanzu abin da ya fi damuna. Kada ki haɗa zaren nan da naki sai kin tabbatar babu asu a ciki. Wannan ba zargin tsabtar ƙawarki ba ne, asu yana shiga gidan kowa. Ba ma uwar mai fiffike ke ɓarna ba, tsutsarta ce, ita ke cin ulu da duk abin da ya fito daga gashin dabba. Ki buɗe kowace ƙwarya a wuri mai haske. In kin ga zare yana tsinkewa wuri-wuri, ko wani abu kamar yashi yana zubowa, ko farar yana a cikin naɗin, to ya shiga. Ki zuba ulun a leda mai kulle baki, ki matse iska, ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, mako guda. In kin fito da shi kada ki buɗe ledar sai sanyin ya sake shi, don raɓar ta tsaya a waje. Kafur kuwa ba na son sa a zaren da za a saƙa wa jariri, warinsa ba ya fita da sauƙi, kuma yana cutar da jarirai.

Ina nanata miki ne don ya faru da ni. Wata aminiyata da idonta ya yi rauni ta ba ni zarenta, a ciki akwai ulun merino ruwan toka, ƙwarya shida, laushi kamar gashin jariri. Na ce wannan ya fi ƙarfin aikin yau da gobe, na naɗe shi a zane na sa a ƙasan akwati ina jiran aikin da ya cancanta. Duk haɗuwarmu sai ta ce, "Kin taɓa ruwan tokan nan kuwa?" in ce tukuna. Ranar da na buɗe, na ja bakin zaren ya biyo hannuna guntu-guntu, babu wanda ya kai kamu ɗaya. Ta rasu ba ta ga ko hula daga cikinsa ba. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Wanda ba shi da takarda, ashana za ta gaya miki asalinsa. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da hantsaki a kan kwanon ruwa ki kunna. Ulu yana warin ƙonannen gashi, wutar takan mutu da kanta, tokar kuma tana murƙushewa a yatsa. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule baƙi, ya yi tauri. Ki ware su kashi-kashi, domin ulu in ya sha ruwan zafi da cuɗa yakan tsuke ya cure, na roba kuwa ko a jikinsa. In kika haɗa su a bargo ɗaya, wankin farko zai karkace.

Masu takarda kuma, ki duba lambar rini da ke jiki, ba lambar launi kaɗai ba. Ƙwarya biyu za su iya zama launi ɗaya a ido, amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba, sai kin saƙa kin fita rana za ki ga layi ya raba su. In dole ki haɗa, ki riƙa yin layi biyu da wannan, biyu da wancan, bambancin zai saje.

Batun bayarwa ga wani, babu laifi. Abin da aka ba ki ya zama naki, kuma ba kowane launi ne zai kwanta miki ba. Ni dai ba zan sayar ba, ba kuma zan mayar mata da ragowa ba, don kamar an ce an tsince mai kyau an bar mata dussa ne. Ki nemi yarinya mai koyo, ko masu saƙa wa marayu da marasa lafiya, ki ba su. Sai ki gaya mata inda ya tafi. Ki ce, "Jan nan naki wata yarinya ke koyon hula da shi." Za ki ga fuskarta.

Guntayen da suka rage kada ki zubar. Ki naɗe su sako-sako, don ulu in aka ɗaure shi tamau yana rasa taushinsa, ki tara a kwalba mai faɗin baki. Da su ake yin bakin safa da ratsin hula.

In za ki zo, ki taho min da rabin rigar nan da kibiyar da take kai, kada ki zare ta. Ina so in ga hannun ƙawar taki kafin ki sa naki. Ki gaishe ta, ki ce ina yi mata sannu da jiki, Allah ya ba ta lafiya.

Gwaggonki