Otel na bakin wurin wasa ko masaukin cikin gari? Amsar wasiƙunku

Tambaya daga Tawa

"Assalamu alaikum. Ni ƴar kasuwa ce a Tawa, nakan je Dubai saro kaya, amma ban taɓa tafiya da yara ba. Bana ni da Alhaji mun yi musu alkawarin idan babban hutu ya zo za mu kai su wuraren wasan nan da suke gani a waya. Su huɗu ne: mai shekara 13, mai 10, mai 7, sai auta da ba ta cika 3 ba. Bayan kuɗin jirgi da biza, sefa miliyan 2 muka ware na kwana bakwai. Alhaji ya ce mu sauka inda na saba sauka a Deira, unguwar kasuwa a Dubai, tunda ya fi araha, mu riƙa ɗaukar taksi. Yaran kuma sun kafe sai otel ɗin da ke manne da wurin wasa. Wanne ya fi mana?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya ba ku ikon cika alkawari.

Alhaji ya dubi kuɗin ɗaki, yaran sun dubi daɗi, ni kuma a wurin aikina na sayar da tikitin jirgi a nan Yamai abin da nake roƙon kowane iyali shi ne su ɗauko takarda su haɗa abu huɗu wuri guda: ɗaki, kuɗin shiga wurin wasa, abinci da mota. Idan aka ware ɗaya aka yi ta cinikinsa, sauran ukun ne ke cinye guzurin.

Mu fara da nisa, don nan ne lissafin Alhaji zai fara tangarɗa. Manyan wuraren wasan ba a cikin Dubai ɗin da kika sani suke ba. Dubai Parks and Resorts, inda Legoland da Motiongate suke, yana can Jebel Ali ne, ƙarshen gari ta hanyar Abu Dhabi. Tsibirin Yas kuwa, mai Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld da Yas Waterworld, a Abu Dhabi yake ɗungurungum. Daga Deira zuwa can ya haura kilomita 100, kusan tazarar Tawa da Ƙonni. Ki ƙiyasta zuwa Ƙonni da safe da dawowa da dare, da goyo, kwana biyu ko uku a jere. Ga shi ku shida ne, ƙaramar taksi mutum huɗu take ɗauka, sai kun nemi babba. Zuwa da dawowa ɗaruruwan dirhami ne kowace rana, kuma dirhami ɗaya yana kai-komo tsakanin sefa 150 da 170.

Sai kuɗin shiga. Tikitin yini guda a wuraren Yas ya haura dirhami 300 ga babba, wato wajen jika 50 (sefa dubu 50). Auta ba za ta biya ba tunda ba ta kai shekara 3 ba, amma ku biyar za ku doshi jika 250 a yini ɗaya tak, kafin a sha ko ruwa. A nan otel ɗin bakin wurin wasa yake rama tsadarsa. Otel-otel na tsibirin Yas suna da tsarin da ake haɗa kwana da tikiti: duk daren da aka kwana, kowane wanda sunansa ke cikin ɗakin yana da shiga wurin wasa guda. Haka Atlantis da ke Dubai, wanda ya sauka a ciki yana shiga wurin wasan ruwansu na Aquaventure ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai shi kam ya fi ƙarfin miliyan 2 ga mutum shida, kada ma ki ɓata lokaci a kansa. Idan aka ce miki ɗakin Yas ya fi na Deira da jika 100, amma akwai tikitin mutum biyar a ciki, to na Yas ne mai arahar. Abin da zan ja miki kunne a kai: ba kowane farashi ne ya haɗa da tikiti ba, ko da otel ɗin ɗaya ne. A rubuta miki a takardar kama ɗakin, baƙi a kan fari, tikiti nawa ne, na su wa ne, na kwana nawa ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da iyalan ƙasarmu, yawan kawuna. Mu a gida idan baƙi sun zo sai a ƙara tabarma. Can ba haka ba ne. Yawancin ɗakuna manya biyu da yara biyu aka yarda su kwana, kuma a otel da dama mai shekara 13 babba ake lissafa shi. Na san iyalin da suka rubuta mutum huɗu a intanet don farashi ya sauka, suka isa bayan doguwar tafiya ta Addis Ababa, mai karɓar baƙi ya karɓi fasfo ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, yara na gyangyaɗi a kan akwatuna, ya ce sai an ƙara ɗaki, a farashin wannan daren kuma. Kuɗin tsarabarsu kenan ya tafi. Ki rubuta ku shida, da shekarun kowane yaro na gaskiya, ki ga abin da zai fito. Za a ba ki ɗaki biyu masu ƙofa a tsakani, ko babban ɗakin iyali. Wannan shi ne farashinku na haƙiƙa, da shi za ki yi lissafi.

Ba dole ba ne sai otel mai hoton ƴan wasan katun a bango. WB Abu Dhabi, wanda ke jikin Warner Bros. World, yara na son sa ƙwarai, amma a tsibirin akwai jerin otel masu sauƙi a wurin da ake kira Yas Plaza. Cikinsu akwai Staybridge Suites, mai madafa da firji a cikin ɗaki. Ga uwa mai yara huɗu, madafar nan ta fi min ruwan ninƙaya daraja. Ki sayo shinkafa da ƙwai da burodi da madara a babban kantin Yas Mall, ki yi girki sau ɗaya a rana, kin tsira daga abincin cikin wurin wasa da ke da tsada ba ya ƙosarwa. Motar Yas Express tana zagaya otel-otel da wuraren wasa kyauta. A ɓangaren Dubai ma haka tsarin yake: Legoland Hotel da Lapita su ne na sama, Rove at the Park shi ne mai rangwame, kuma duk suna kusa da ƙofa.

Ki tuna kuma lokacin da za ku je. Hutunmu na Yuli zuwa Satumba ya faɗo ne a tsakiyar zafinsu, sama da digiri 40, da wani gumi mai danƙo da ko mutumin Tawa bai saba da shi ba. Alherin da ke ciki shi ne farashin otel na karyewa a lokacin, kuma sukan yi rangwamen yara, sai dai ki karanta sharaɗin, don galibi yaro ɗaya ne kan kowane babba da ya biya. Saboda zafin nan ni Yas zan zaɓa muku. Warner Bros. World da SeaWorld a rufe suke cikin sanyi, Ferrari World ma yawancinsa haka. Legoland na ƴan shekara 2 zuwa 12 ne, kuma mafi yawansa a fili yake. Babbanku zai gundura, auta za ta galabaita. Ki auna tsawon yaran tun a gida, don manyan lilo da tsawo ake shiga, ba da shekaru ba. Gara mai shekara 7 ya sani tun daga Tawa cewa jirgin Formula Rossa mai gudun kilomita 240 a awa ba nasa ba ne bana, da ya yi kuka a bakin layi.

Akwai amfanin kusa da ba ya shiga takardar lissafi. Ƙarfe biyu na rana auta ta fara rigima, ƙafarki ta yi nauyi. Ki bar Alhaji da manya, cikin mintuna kaɗan kina ɗaki, kin yi azahar a natse, kin kwantar da ita, da la'asar ku koma. Wanda masaukinsa ke Deira sai dai ya zauna a kan benci da yaro a cinya har yamma.

Shawarata ke nan: ku raba kwanakin. Kwana biyu ko uku a Yas da tsarin tikiti, sauran a masaukinki na Deira, inda kika san mai abinci, kika san kasuwar Naif, ga jirgin ruwan abra na dirhami kaɗan da yara za su ji daɗinsa ba kaɗan ba. Ku fara da Yas tun yaran na da ɗoki, ku ƙare da Deira kusa da filin jirgi. Ku sa kwanakin wasan a tsakiyar mako, don tun 2022 hutun makonsu ya koma Asabar da Lahadi. Idan an faɗa miki farashi, ki tambaya ko da haraji: a Dubai ana ɗora 10 cikin 100 na hidima, 7 na hukumar gari, 5 na harajin saye, da dirhami 7 zuwa 20 kan kowane ɗaki a kowane dare, Abu Dhabi ma tana da nata. Sannan kada ki biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar ku shida ta fito. Ki gaida Alhaji da yaran.

Tambaya daga Yamai

"Anti, ina wuni. Yayana yana zaune a gefen Paris, ya gayyace ni da matata da ɗanmu mai shekara 6. Muna son kai shi Disneyland. Mu kama otel ɗin Disney ko mu kwana gidan yaya?"

Lafiya lau, ƙanena. Kafin maganar otel, ka gama da biza. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, Air France ma ba ya sauka nan tun Agustan 2023, don haka neman takardu da hanyar jirgi duka sun ƙara tsawo da kuɗi. Kada ka tura ko dala a kan ɗaki kafin fasfo ya dawo hannunka.

Idan yini ɗaya za ku yi, ku kwana gidan yaya. Jirgin ƙasa na RER A yana tsayawa a tashar Marne-la-Vallée–Chessy, daf da ƙofar shiga, kimanin minti 40 daga tsakiyar Paris. Wurin yana kilomita 32 gabas da birnin, an buɗe shi a 1992, kuma filayen wasa biyu ne a ciki. Idan kuna son ganin duka biyun a natse, to dare ɗaya a can yana da ma'ana. Santa Fe shi ne mafi sauƙi a otel ɗin Disney, sai Cheyenne. Disneyland Hotel da ke kan ƙofa na masu hannu da shuni ne. Abin da kake saya a otel-otel na Disney shi ne tikitin da ke cikin kuɗin da kuma shiga da sassafe kafin a buɗe wa jama'a, lokacin da layi bai yi tsawo ba. Karin kumallo sau da yawa daban ake biyan sa, ka tambaya. Idan ka ga ya yi nauyi, ka duba Val d'Europe, tasha ɗaya kafin Disneyland, akwai masauki masu madafa da babban kantin Auchan. Davy Crockett Ranch kuwa, wani masaukin Disney da ke nesa da ƙofa, sai da mota, kada arahar ta ja ka in yaya ba zai ba ka tasa ba.

Ku nufi farkon Satumba in da hali: yaran Faransa sun koma makaranta, ɗanka kuma yana hutu har Oktoba. Ana barin mutum ya shiga da ɗan abin taɓawa da ruwa, don haka madam ta haɗa burodi da ƙwai ko kifi daga gida, kun huta da neman halal a ciki. Kilishi da cuku dai ku bar su a Yamai duk yadda yaya ya yi marmari, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe.