Tambaya da Amsa: Leica Mai Ruwan Zinare da Funfuna a Idon Kyamara

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin masu tara tsoffin kyamarori masu fim ne suka cika mana akwati, uku na ɗauko.

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani ne ya turo min hoton kyamara a intanet wai Leica ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu, jikinta ruwan zinare sai walƙiya take, ga tambarin mikiya na sojan saman Jamus a kai, ya ce in yi sauri akwai mai jira. Ni kuma yanzu na fara tarawa. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa riƙe kuɗinka, ka bar wa mai jiran. Wannan zinaren da ya tsone maka ido tagulla ce, kankare farin fentin sama aka yi aka goge ta har ta ɗau ƙyalli, kuma in ka bi asalinta sai ka tarar FED ce ko Zorki ta Tarayyar Sobiyet. Kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fito da Leica II a 1932, a 1934 aka fara kwaikwayonta a Kharkiv da sunan FED, a 1948 kuma masana'antar Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara Zorki, aka buga su dubban ɗaruruwa, to daga baya ne masu wayo suka riƙa share sunan suna zana Leica da mikiya suna sayar wa baƙi. Leica ta sojan Jamus kam akwai ta da gaske, amma fara ce ko mai fentin toka, soja me zai yi da zinare a fagen daga?

Ga yadda za ka kama shi. Ka ce ya kwance gilashin gaba ya ɗauko maka hoton cikin bakin, daga sama akwai ɗan hannun da ke auna nisa, na Leica ƴar taya ce zagayayya mai juyawa, na Sobiyet kuwa ɗan ƙarfe ne mai tsini wanda ba ya juyawa. Sannan ya ba ka lambar da ke jikinta, Leitz na da jerin lambobi da shekarunsu, in ba su dace da samfurin ba magana ta ƙare. In ya fara kame-kame wai ba ya son kwancewa, ka samu amsarka.

Ni fa Zorki da sunanta na gaskiya ta fi min wannan kwalliyar, tana ɗaukar hoto mai kyau. Sai dai ka ɗana ta tukuna, wato ka murɗa fim ta shirya ɗauka, kafin ka juya lambar gudu mai saita saurin buɗewa da rufewar labulen da ke tare haske a cikinta, in ba haka ba za ka iya lalata ta.

Tambaya: Malam mahaifinmu ya rasu ya bar wata baƙar kyamara mai kamar akwati, an rubuta Kodak Brownie Hawkeye. Yayata ta ce dukiya ce. Haka ne? Kuma ana samun fim ɗinta?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ƴar'uwa. Dukiyar tuna shi ce, ta kasuwa kam a'a. Kodak ya yi ta daga 1949 zuwa 1961 kuma ya buga da yawan gaske don kowa ya iya saya, tsufa daban ƙaranci daban. Ko Leica M3 ta 1954 da ake ta rububi an yi fiye da 200,000, masu nema ne suka yi yawa. Mai wuyar samu ita ce irin Nikon ta farko ta 1948 da ba a yi ko 1,000 ba.

Fim ɗinta 620 ne, Kodak ya daina shi a 1995, amma shi da 120 da ake sayarwa har yau abu ɗaya ne, kwarkwaron da ake naɗe 620 ne kawai ya fi siranta, sai a warware a cikin duhu a naɗe a na 620. Don haka in kin ga kwarkwaron ƙarfe a ciki kar ki yar. Kuma kafin ki buɗe ki leƙa ƴar jar tagar baya, in kin ga lamba to akwai fim a ciki, kai wa mai wankin fim, wa ya sani ko hotunan da Baba ya ɗauka ne.

Tambaya: Rolleiflex ɗina na ajiye a jakarta ta fata shekara biyu ban taɓa ba don kar ta lalace, yanzu na haska tocila na ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin.

Amsa: Kash, funfuna ce, kuma lallaɓawar ce ta jawo maka. Fata na riƙe danshi, ga duhu, ga ba iska, abin da funfuna ke so ke nan. Duba a wane ido take, don Rolleiflex ido biyu gare ta, na sama na leƙe ne kawai, na ƙasa shi ke ɗaukar hoton. In na ƙasan ne kai wa ƙwararren mai gyara da wuri, don in ta daɗe cin siririn shafen da ke kan gilashin take, ko an wanke tabon na nan. Kar ka kama sukundireba da kanka don Allah. Raba ta da sauran kyamarorinka, jakar a ajiye gefe, ita kuma a wuri busasshe da ƴan ƙunshin silika masu shanye danshi, duk wata ka ɗauko ka ɗana ka harba a kowace lambar gudu don kar man ciki ya daskare.

Amma kar ka ce za ka shanya su a rana ka tafi. Ni na taɓa barin wata mai labulen ƙyalle a bakin taga ba murfi, gilashin ya tattara rana ya huda labulen, fim guda na ɗauka kowane hoto da farin ɗigo a tsakiya kafin na gano.