Bin Sawun Kitse a Cikin Ƙwayar Halitta Mai Rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jidda, ina renon ƙwayoyin hanta a faranti. Na sa musu rinin BODIPY 493/503, mai ba da koren haske a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa, don in ga inda kitse yake tafiya, amma koren haske ya cika ko'ina. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rinin da kika ɗauko mai kyau ne, sai dai ba aikinsa ke nan ba. Shi BODIPY 493/503, kamar Nile Red da aka fara amfani da shi a wannan aikin a 1985, narkewa yake yi a cikin ɗigon kitsen da ya tarar. Yana nuna ma'ajiya, ba ya nuna tafiya.

Bazuwar hasken kuwa, yawanci rini ne ya yi yawa. Maikuromola (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa) 1 zuwa 2 ya isa, minti 15 a zafin digiri 37, a cikin duhu. Ki wanke sau biyu ko uku da PBS (ruwan gishirin wanke ƙwayoyi) mai ɗumi, ki ɗauki hoto nan take, da ƙaramin hasken leza don kada rinin ya dusashe. Idan komai ya yi daidai, za ki ga ɗigo-ɗigo zagayayyu masu sheƙi, bayansu duhu. Kada metanol ko asiton su taɓa farantin, wanke kitsen suke yi ƙarƙaf. Ki kuma raba rinin da ke cikin DMSO (ruwan sinadarin da ake narka shi a ciki) a ƙananan kwalabe, ki ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili, domin DMSO na zuƙar danshin iska, ga Jidda kuma a bakin teku.

In tafiyar kike son gani, ki nemi BODIPY C12, wanda rinin ke maƙale a jikin sarƙar kitsen kanta. Ki ba ƙwayoyin maikuromola 1 su kwana da shi, ki wanke, ki canza musu ruwa marar rini, ki riƙa ɗaukar hoto kowace awa. Idan aka hana su abinci, ana ganin hasken yana barin ɗigon yana komawa maitokondiriya, sashen ƙwayar da ake ƙona kitse a ciki.

Amma ki yi hattara, don Allah. Rinin yana da girma, yana iya karkatar da kitsen daga hanyarsa ta asali. Shi ya sa wasu suka koma ga 'yar ƙaramar alamar sinadari mai suna alkain, wadda ake maƙala wa kitsen a haɗa mata rini daga baya ta wata dabarar haɗa sinadarai da ta ci kyautar Nobel a 2022. Wannan haɗin na bukatar tagulla, mai kashe ƙwayoyi, don haka sai an sandarar da su yadda suke da sinadarin farafomaldihaid kashi 4 cikin 100 tukuna, wato ba da ransu za a duba su ba.