Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙunar Ruwan Zafi da Shan Kananzir

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara biyu ya jawo butar shayi ta zube masa a ƙirji da hannu. Maƙwabta suka ce in shafa man goge baki, na shafa, ga shi wurin ya yi bororo. Me ya kamata in yi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Baiwar Allah, ki kai shi asibiti yau ɗin nan. Duk ƙunar da ta fi faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ba ta jinyar gida ba ce. Kada ki fasa bororon, domin fatar da ta kumbura ita ke tare ƙwayoyin cuta.

Abin da ake yi da zarar an ƙone shi ne a zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi irin na famfo ko na randa, a kan wurin har minti 20 ba tsayawa. Dalili kuwa, zafin da ya shiga fata yana ci gaba da cin nama ko bayan an ɗauke yaro daga wurin, ruwan ne ke janye shi. Ko an makara, yana da amfani har cikin awa 3 na farko. A cire riga da awarwaro ko zobe tun kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata a bar wa likita. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fata. Sauran jikin yaron kuma a lulluɓe shi, musamman da hunturu, don ƙaramin yaro yana saurin ɗaukar sanyi. Daga nan a rufe wurin da leda sabuwa ko ƙyalle mai tsabta marar gashi, ba auduga ba.

Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri da baƙin mai, duk babu mai magani a cikinsu. Suna kai datti cikin ciwo, kuma sai an kankare su a asibiti kafin a ga zurfin ƙunar, yaro yana ta ihu. Wannan wahala ce da za a iya kauce mata.

Fatar yaro ta fi ta babba siranta, shi ya sa shayin da ya yi minti 15 a kofi ma yana iya ƙona shi. A juya mariƙin tukunya ciki, a ɗaga fulas sama, a killace murhu da kurfoti. Wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi, sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu.

Tambaya: Jikata ta kurɓi kananzir daga gorar lemo. Manja ake ba ta ta yi amai? (Wani dattijo daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Baba, kada a sa ta amai ko kaɗan, kada a ɗura mata manja ko madara. Haɗarin kananzir a huhu yake, ba a ciki ba. Idan ta yi amai yana iya sarƙe ta ya gangara huhu, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura shi. A cire mata kayan da ya jiƙa, a wanke mata baki da ruwa, jiki kuma da sabulu, a riƙe ta a zaune, a nufi asibiti ko da tana wasanta. Tari, haki, zazzaɓi ko yawan barci na iya bayyana bayan wasu awoyi, shi ya sa likitoci kan riƙe yaro aƙalla awa 6 suna duba numfashinsa.

Gorar lemon ce ta yaudare ta. A zuba kananzir a jarka mai murfin murɗawa, a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da risho da randar ruwan sha.