Shin siminti zai ceci tsohon gidan ƙasa a Saint-Chef?

Tambaya: Na sayi tsohon gidan gona na ƙasa a Saint-Chef, gabas da Liyon a Faransa, kusa da tsohuwar majami'ar garin. Gindin katanga ya jiƙe, yaɓe yana ɓantarewa, kuma wani magini ya ce in bari ya shafe gidan da siminti gaba ɗaya. Ina tsoron kada ya rushe mana a ka. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, amma ka dakatar da maginin nan tun bai kwaɓa buhu ɗaya ba. Irin ginin da ya yawaita a arewacin Isère, lardin da Saint-Chef yake, ƙasa ce mai ɗan laima da aka dandaƙe tsakanin alluna, kaurinta wajen santimita 50, a kan harsashin dutse. Katangar tana jan danshi daga ƙasa, tana kuma fitar da shi ta jikinta, kuma muddin hanyar fitar a buɗe take, tana iya yin ƙarnuka a tsaye.

Siminti shi ke toshe wannan hanya. Ruwa yana hawowa ta harsashi, wani yana shiga ta tsagar yaɓen, ba ya samun mafita, sai ƙasar ta yi laushi a ɓoye alhali fuskar bangon sumul take. Idan hunturu ya zo ruwan ya daskare, ɓarnar ta ninku. Ka ƙwanƙwasa gindin bangon da hannu. Inda ka ji yana amo kamar akwai rami, to yaɓen ya rabu da katanga, kuma idan aka ɓare shi za ka tarar da ƙasa tana zuba a tafin hannunka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu wannan aiki sun riƙe cewa ginin ƙasa rauni gare shi, siminti ne maganinsa, kuma sukan tafi da kuɗinsu shekaru kafin bangon ya zube. Wanda ya ga tsofaffin gidajen Kano da Damagaram da aka cire musu makuba aka lafta siminti ya san ƙarshen abin. Haka nan daɓen kankare ko kwalta da aka manna da gindin bango yana tura ruwa ciki.

Idan akwai tsohon siminti a jikin bangon, a cire shi sannu a hankali, ɓangare ɓangare, a gyara rufi da indararo, a bar katangar ta bushe watanni, sannan a yaɓe da ƙasa ko da ƙonanniyar farar ƙasa, wadda masu kayan gini can ke kira chaux. Idan akwai tsaga mai faɗi ko bango ya karkata, injiniya ya fara dubawa.

Majami'ar garin da ka ambata, wato Saint-Theudère, tana cikin gine-ginen tarihi da aka kare tun 1840, saboda haka sauya fuskar gida a kewayenta yana buƙatar sanarwa a ofishin magajin gari da ra'ayin masanin gine-gine na gwamnati, kuma jiran yakan kai wata biyu. Ofishin CAUE na Isère, mai ba jama'a shawara kan gine-gine, yana yin haka kyauta, cibiyar CRAterre ta Grenoble kuwa tun 1979 take nazarin ginin ƙasa.