Kano zuwa Guangzhou: kwana nawa tafiyar za ta ci maka?

Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je sarin yadi a karon farko ya tambaye mu nisan Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, da awa nawa jirgi ke yi. Ya kuma ce ya samu tikiti mai rahusa amma da dogon jira a hanya, shin ya saya?

Alhaji, a miƙe nisan ya kai kusan kilomita 11,000, amma babu jirgin fasinja da zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka a filin Baiyun na Guangzhou kai tsaye. Dole ka canza jirgi. Idan ta Addis Ababa ka bi, zangon farko kilomita 3,300 ne da 'yan kai, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Zango na biyu kusan kilomita 8,000, awa goma zuwa sha ɗaya. Zaman cikin jirgi kaɗai awa 14 da rabi zuwa 16 ke nan, ba a sa jira ba. Dawowa takan ɗan fi tsawo saboda iska tana gaban jirgi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne agogo. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da kake ne, Sin kuma tana gaban Najeriya da awa 7. Misali ka tashi ƙarfe biyu na rana, tafiya da jira suka ci awa 19, to ƙarfe huɗu na yammacin washegari za ka sauka. Kafin a buga maka fasfo, ka ɗauki jaka, ka isa masauki a unguwar Xiaobei, dare ya yi. Kada ka yi wa dillali alkawarin haɗuwa ranar. Ware kwana biyu na zuwa, biyu na dawowa. Idan kwana biyar kake so a kasuwar yadi ta Zhongda, tafiyar kwana tara ce, da haka za ka lissafa kuɗin otal da ranakun da shago zai zauna hannun yara.

Batun tikiti mai rahusa kuwa, ka duba abu ɗaya kafin farashi: tikiti guda ne tun daga Kano har ƙarshe, ko biyu aka haɗa maka? Idan guda ne, hazon hunturu ya jinkirta tashinku a Kano, kamfanin ne zai sa ka a jirgi na gaba, jakarka kuma ta bi ka. Idan biyu ne, jirgi na biyu ya tafi, kuɗinka sun tafi. Mu ba ma ba da shawarar tikiti biyu ko da ragin ya yi daɗin ji. Jiran awa uku zuwa biyar ya yi daidai. Ƙasa da awa biyu kasada ce.

Tambayi nauyin kaya ma. Galibi jaka biyu ne masu kilo 23, kuɗin abin da ya ɗara yana iya cinye ragin gaba ɗaya. Samfura kawai ka riƙo, dilolin su biyo kago.

A Afrilu da Oktoba, lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou, tikiti da otal suna tsada. Sabuwar shekarar Sinawa kuma tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu a rufe suke makonni, kada ka yanki tikitin lokacin.